Rufin asiri ko tonon asiri: yadda ake yi wa mabuƙata magana a ofisoshinmu

Akwai addu'ar da ba ta barin bakin Bahaushe tun daga asuba har ya kai haƙarƙarinsa ga tabarma: Allah ya rufa mana asiri. Attajirin Maraɗi yana yin ta, mai tallan ruwa a tashar Tawa yana yin ta, tsohuwar da ke surfe a ƙauyen Magarya tana yin ta. Mai wannan roƙo bai ce a ba shi tulin dukiya ba. Abin da yake gudu shi ne ranar da maƙwabci zai gane tukunyar gidansa ba ta hau murhu ba, ko ranar da za a ambaci rashinsa a gaban ƴaƴansa. A ganina, duk wanda bai san nauyin wannan addu'a ba bai cancanci a ba shi tebur da kujera a ce shi ne mai sauraron kukan mabuƙata ba. Amma ga su nan an ba su, mu kuwa malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu, da muke cika baki cewa mu ne masu tsaron harshe da ladabi, mun zuba ido mun yi shiru.

Shekarun baya na raka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ofishin sosiyal na wani babban asibiti. Jikanta ne ke kwance, ya kuma wuce shekara 5, saboda haka kyautar magani da gwamnati ta kafa wa ƙananan yara a 2006 ba ta hau kansa ba, takardar da likita ya rubuta kuwa ta fi ƙarfin abin da ke ɗaure a bakin zaninta. Tsohuwa ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta yi sallama, ta durƙusa, ta soma gaisuwa yadda aka koya mata tun tana yarinya: ina kwana, ina gajiya, ina aiki. Ma'aikaciyar ba ta kai ƴar autar tsohuwar shekaru ba, kuma Bahaushiya ce gaba da baya, amma ko kai ba ta ɗaga daga takarda ba. «Ke, sunanki? Sunan miji? Ƴaƴa nawa? Duk ba mai aiki a cikinsu?» Ƙofa a buɗe, mutane cike da benci suna ji. Da aka zo kan sunan miji tsohuwa ta sunkuyar da kai, domin duk zamanta da marigayin ba ta taɓa kama sunansa ba, sai ni na faɗa. Daga nan ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta shaida wa abokin aikinta da Faransanci cewa ga wani «kas sosiyal» kuma. An rage mata kuɗin, wannan ba zan ɓoye ba. A hanyarmu ta komawa gida abin da ta ce da ni shi ne: «Malam, da na san haka ake yi, da akuyar na sayar.»

A rajistar wannan ofishi an rubuta ranar a layin nasara: mabuƙaciya ɗaya ta zo, an taimaka mata. Ba shafin da aka tanada don rubuta abin da aka karɓe mata kafin a ba ta.

Kada wani ya ce tsautsayi ne na rana ɗaya. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da littafi mai suna Une médecine inhospitalière, a kan zaman masu jinya da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. A kan ma'aikatan lafiya maganarsu take, amma duk wanda ya taɓa zama kan bencin wani ofishi zai gane hoton: baƙon da ba shi da kowa ba a amsa gaisuwarsa, ba a yi masa bayani, a daka masa tsawa in ya yi tambaya, wanda kuwa ya zo da sanayya sai a tashi a tarbe shi. Wannan na biyun shi ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa rashin sani ba shi ne ciwon ba. Yarinyar da ta ce wa tsohuwa «ke», in gwaggonta ce ta shigo, da gudu za ta ba ta kujera ta ce «Inna, ku zauna, ina gajiya?» Ta san ladabi sarai. A bakin ƙofar biro take rataye shi kamar hula, ta ɗauka in an tashi aiki. Wa ya koya mata haka? Biron ne ya koya mata, biron da muka gada daga zamanin komanda, inda talaka ke tsayawa daga nesa, gardi a ƙofa, tafinta a tsakani, tambaya kuwa ba ta wuce ta lanho da jangali. Tuta ta canza a 1960, zaman tebur bai canza ba.

Dubi takardar tambayoyin da ake ba ma'aikaci ya cika, wadda suke kira fish. An tsara ta a wani babban ofishi, da Faransanci, an jera tambayoyin yadda zai yi wa mai shigar da su cikin na'ura sauƙi. Tana farawa da sunan miji, wanda kunya ta hana mata da yawa furtawa, sai sunayen ƴaƴa daga na fari, wanda shi ma uwa ba ta kama sunansa, wata ma ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sai shekarun haihuwa, ga matar da abin da ta sani shi ne an haife ta shekarar wata yunwa ko shekarar da wani sarki ya hau. Sai «ƴaƴa nawa?», tambayar da ba ta da amsa ɗaya a gidan da akwai na riƙo, akwai na kishiya, akwai waɗanda suka koma, kuma mutane ba su son ƙidayar ƴaƴa da baki. Sai awaki nawa, damin hatsi nawa, abin da tsofaffi suka san ba a tambaya sai in ana shirin karɓa. Ma'aikaciya mai basira ta san yadda ake zagaye duk waɗannan: ta nemi katin ɗan ƙasa ta karanta da kanta, ko ta juya ga yaron da ya yi rakiya ta ce «yaya sunan Baba?», ko ta bar ƙidaya sai hira ta yi nisa. Marar basira sai ta rubuta a gefe cewa matar ba ta ba da haɗin kai ba, ko tana ɓoye gaskiya.

Haka ma amsoshin. Ka tambayi magidancin da rumbunsa ya ƙare tun watan jiya yaya gida, ya ce lafiya lau, sai godiya, muna cikin rufin asiri. Ba ƙarya ya yi ba. Ƙofar magana ce ya rufe don ya ga ko wanda ke gabansa ya isa a buɗe masa. Ciwon yana fitowa bayan gaisuwa ta uku, bayan an sha ruwa, bayan an tambayi damina da yara da makiyaya, sau da yawa ma sai baƙo ya miƙe zai tafi a ce «af, Malam, dama akwai wata ƴar magana». Wanda ya zo da agogo a hannu ba ya kai wa wannan «af». Ga kuma «to», kalmar da ta halaka rahotanni masu yawa. Ma'aikaci ya gama jawabi, mace ta ce «to», ya rubuta ta amince. To ɗin nan na iya nufin na ji, na iya nufin ka gama in tafi, na iya nufin ba zan yi musu da kai a gaban mutane ba. Ido ma haka: an koya wa ɗalibi cewa mai gaskiya yana duban mutum cikin ido, alhali a wurinmu budurwar da ta kafe dattijo da ido ita ake kira mai tsaurin ido, wadda ta sunkuya kuwa ita ce ƴar mutunci.

Na san amsar masu horar da ma'aikata, na sha jin ta. Suna cewa aikin kyautata rayuwar jama'a sana'a ce mai ƙa'ida, ba zumunci ba ne. Dole ma'aikaci ya bar tazara tsakaninsa da mabuƙaci, kada ya zama ɗan gida har son kai ya shigo. Akwai gaskiya a nan, kuma ni ma ba na son ofishin da sai ɗan dangi ke samun biyan buƙata. Amma su koma ga littattafan da suke jingina da su. Felix Biestek, wani malamin wannan sana'a a Amurka, ya jera ƙa'idoji bakwai na hulɗar ma'aikaci da mai neman taimako a littafinsa na 1957, kuma har yau ana koyar da su: a cikinsu akwai ɗaukar kowane mutum a matsayin shi kaɗai ba lamba ba, da karɓarsa yadda yake, da ƙin yanke masa hukunci, da barinsa ya zaɓa wa kansa, da tsare sirrinsa. Ina tsawa a cikin wannan? Ina ƙofa a buɗe? Tsare sirri da Bature ya sa a ƙa'ida shi ne rufin asirin da kakarmu ke roƙo. Abin da aka kasa yi shi ne a zauna a tambayi yadda kowace ƙa'ida ke sa riga a Tasawa ko Madawa. A can ƙasarsu girmama mutum na iya zama kada ka ɓata masa lokaci da dogon zance. A nan girmama shi shi ne ka ba shi lokacin. An kwaso rigar an bar ƙa'idar.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta lokaci. Mace ɗari a layi, ma'aikaciya ɗaya, rana tana dukan kwano, shugaban furoje yana jiran adadi kafin ƙarshen wata domin masu ba da kuɗi adadi suke karantawa. Ban raina wannan wahala ba, kuma na san ma'aikata da ke ciro kuɗin aljihunsu su sayi magani ga wanda ba su sani ba. Laifin ma fi girma yana wuyan wanda ya auna aikinsu da yawan takardun da suka cika. Sai dai a yi lissafin da kyau. Sallama da «Inna, ku zauna» da tura ƙofa ba su cin minti ɗaya. Takardar da aka cika da amsar tsoro kuwa, ko an cika dubu, dubun ƙarya ce aka tara, a kanta za a gina shirin baɗi, a zo ana mamakin abin da ya sa mutane ba su dawo ba.

Akwai wata kalma da nake so mu tuhuma, mu masu sha'anin harshe, domin mu muka ba ta gindin zama: waye kai. Da ita muka fassara abin da ƴan furoje ke kira sansibilizasiyo, har ta zama sunan duk wata magana tsakanin ma'aikaci da talaka. Wanda ya ce zai waye maka kai ya riga ya yanke cewa kanka a duhu yake, shi ne mai fitila. Daga nan hira ta mutu, sai jawabi: mata a zaune a rana, animatiris a tsaye da hotuna, a ƙarshe a tafa, a rubuta yawan waɗanda aka waye. A 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, an yi ta faɗa a manyan wurare cewa jahilcin uwaye da al'ada su ne tushen abin: ba su iya yaye ba, ba su iya ciyarwa ba. Uwar da ta goyo yaro ta yi tafiyar yini a ƙasa, wadda ta san kuɗin tiyar hatsi a wannan shekara fiye da kowane mai jawabi, ita aka zaunar ana koya wa son ɗanta.

To ga abin da ya faru da aka gwada yarda da su. A gundumar Mirya, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye fiye da 12,000 yadda ake auna dantsen yaro da ɗan zaren awon nan mai ja da rawaya da kore, aka kwatanta aikinsu da na ma'aikatan sa kai da aka horar. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna uwayen ba su gaza ma'aikatan ba wajen gano tamowa. Matan nan su ne dai waɗanda aka ce kansu a duhu yake. Tun kafin wannan, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara asusun mata a jihar Maraɗi bisa adashen da suka riga suka sani, aka raɗa masa suna Mata Masu Dubara, tsarin da ya bazu har ƙasashe da yawa. A lura da sunan. Wanda ya shigo gari yana kiran mata masu dubara, da wanda ya shigo yana neman gajiyayyu, ba amsa ɗaya za su samu ba, ko da kaya ɗaya ke cikin motarsu.

Inda tonon asiri ya fi muni shi ne wajen zaɓen masu samun tallafin kuɗi. Shirin gwamnati da aka fara a 2011 tare da Bankin Duniya ya riƙa ba gidaje jika 10, wato sefa 10,000, kowane wata, ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma suna raba nasu lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai zo ba. Kuɗin sun ceci gidaje, ba mai musu. Amma hanyar zaɓen takan bi ta tambayoyi gida gida da taron gari, inda ake kasa mutane kashi kashi, a fito da waɗanda aka ce su ne ƙarshen talauci. An ce wannan shi ne yin abu a fili. Binciken LASDEL a kan waɗannan rabe-rabe ya sami zargi da zato ko'ina, har a wasu garuruwa, da motar ta juya, sai a tattara kuɗin a sake raba su yadda gari ya ga dama. Masu shiri suna kiran wannan maguɗi. Ni ina ganin har da amsa a ciki, amsar mutanen da ba a tambaye su ba yadda suke taimakon junansu tun kafin a haifi furoje: zakkar hatsi da ake kaiwa bayan girbi, ƙwaryar tuwo da ake aika yaro da ita bayan magariba don kada a gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an zauna a ɗakin za a ji.

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk abin da al'ada ta zo da shi alheri ne ga mabuƙaci. Kunyar nan da nake karewa ita ce kuma ke rufe bakin yarinyar da aka aurar ba ta so, da matar da yoyon fitsari ya raba da mutane, da wadda ake duka a ɗaki. Rufin asiri yakan zama murfin zalunci, inda miji ko uba ko mai gari ke amsa kowace tambaya a madadin wadda abin ya shafa. A nan ne ma ake gane gwanin sana'ar. Wanda ya faɗo gida ya ce kowa ya fita zai yi magana da matar ita kaɗai, ya tabbata ba zai sake shiga gidan ba, ita kuma za ta biya kuɗin rashin hankalinsa bayan ya tafi. Wanda kuwa ya zauna a zaure ya ɗauki maganar maigida ya tafi, ya ci amanar wadda aka aiko shi dominta. Gwanar ma'aikaciya takan gaida maigida a zaure, ta ba shi girmansa, ta nemi izinin shiga wurin ƴan uwanta mata, ta zauna kusa da turmi, ta dawo sau biyu sau uku ba ta tambayi kome ba, har ranar da za a ce mata «Yaya, zo ki ga wani abu a ɗaki». Wannan ilimi ne, yana da matakai, ana iya koyar da shi a kuma jarraba ɗalibi a kansa, kamar yadda ake jarraba shi a kan dokoki da lissafi.

Da wane harshe za a jarraba shi? Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Madalla. Amma ɗalibin da ya koyi dabarun hira da mabuƙaci cikin Faransanci zalla, ranar da ya fara aiki a Gidan Rumji shi kaɗai zai ƙirƙiro yadda ake tambayar mace ko mijinta na dukanta ba tare da ya zage ta ba. In kuwa an tura shi inda ba ya jin harshen, direba ko mai gadi ne tafinta, sirrin da aka yi alkawarin tsarewa ya bi ta kunne na uku ya fita kasuwa. Kuma kada murnar Hausa ta rufe mana ido: Bafulatanar Dakwaro da Buzuwar Abalak da Babarbariyar Gure suna da haƙƙin a ji kukansu cikin harshen da suke kuka da shi. Ƙungiyoyinmu sun ƙware wajen shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo. Me zai hana su zauna da tsofaffin ma'aikatan jin daɗin jama'a da ungozomomi da jakadun unguwa, su tattara yadda ake buɗe magana mai nauyi, yadda ake ambaton ciki da haila da hauka da bashi da mutuwa cikin lafazin da ba ya kunyata kowa, su buga shi, su kai wa makarantun da ke horar da waɗannan ma'aikata a Yamai da Damagaram?

Mu kuwa malamai, kafin mu nuna wani da yatsa mu leƙa ajinmu. Ofishin sosiyal na farko da yaro ke shiga shi ne teburin mushe. Sau nawa muka tsayar da yaro a gaban sa'o'insa muka karanta sunansa cikin waɗanda ubanninsu ba su biya kuɗin COGES ba? Sau nawa muka tambayi yarinya da ƙarfi abin da ya hana ta zuwa kwana uku, alhali amsar ita ce sabulu ko zani? Ma'aikaciyar da ta ce wa maƙwabciyata «ke» ta yi shekaru fiye da goma a kan bencinmu kafin ta sami nata teburin, tana kallon yadda mai alli ke yi wa marar shi magana.

Jikan tsohuwar ya warke, ya koma makaranta. Da damina ta zagayo surukarta ta kwanta ciwo, na je na ce mata in tana so mu koma ofishin nan, na san hanya yanzu. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, ta ce to. Ranar kasuwa na hangi yaron yana jan akuyar.